Ga Masu Raina Rol ɗin Tsoho da na Gurgu

Ƙannena masu sha'awar harkar fim, akwai halin da ya kamata ku bari tun da wuri. Da zarar darakta ya ce wa yaro zai fito a tsoho, ko maigadi, ko gurgu, sai ya ɓata rai, shi dai a ba shi jarumi. In ma ya karɓa, sai ya barbaɗa hoda a ka, ya manna auduga a haɓa, ya dinga tarin ƙarya. Wannan ba wasa ba ne, raina masu kallo ne. Ku zo ku ji yadda wani ya riƙe irin wannan rol ɗin har ya zama abin da ake tunawa da shi.

An haifi Lon Chaney a garin Colorado Springs na Amurka a 1883. Iyayensa duka biyu kurame ne, saboda haka tun yana yaro da hannu da ido da fuska yake magana a gida. Bai fara da tsayawa gaban jama'a ba. Ya yi aikin bayan fage a gidan wasa, yana ɗaukar kaya, ya yi shimfiɗa kafet da manna takardar bango. A 1902 ya fara hawa dandamali, ya shafe kusan shekara goma yana yawo gari-gari da ƙungiyoyin wasa, sannan ya shiga kamfanin fim na Universal, inda ya yi shekaru yana ƙananan fitowa. Sai a 1919, yana da shekara 36, sunansa ya fito, kuma da rol ɗin ɗan damfara mai shigar gurgu. Kai da ka yi wata shida kana zuwa lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, har ka fara ƙorafi, ka lissafa shekarun nan da kyau.

A lokacin fim ba ya magana, kuma kamfanoni ba su da sashen kwalliya irin na yau. Chaney da kansa yake gina fuskarsa, da akwatinsa na fenti, danƙo, gam, gashi da haƙoran ƙarya, akwatin da har yanzu yake ajiye a wani gidan tarihi a Los Angeles. Ya san cewa faifan ɗaukar hoto na zamanin yana mayar da ja ya yi baƙi, shuɗi kuma ya yi fari-fari, don haka ba madubi kaɗai yake bi ba, abin da kyamara za ta nuna yake lissafawa. Ku ma haka: kafin a fara ɗauka, a haska maka fitilar da za a yi aiki da ita, a ɗauke ka, ka duba. Danƙon hanci yana laushi in fitila ta yi zafi. Gemu kuwa ba dunƙule guda ake mannawa ba. Ana wanke maiƙon fuska, a shafa gam kaɗan, a jira ya fara kama yatsa, a jera gashin daga ƙarƙashin haɓa zuwa sama, layi kan layi, sannan a datse da almakashi. In ka manna kan gumi, tsakiyar magana zai saki. Ka ɗauki hoton fuskar a ranar farko, domin in aka koma aiki bayan sati, kada tabon da ke kuncin dama ya koma hagu.

Amma fa kada ku kwaikwaye shi ido rufe, don ya wahalar da jikinsa ƙwarai. A fim ɗin The Penalty na 1920 ya fito a mutumin da aka yanke wa ƙafafu biyu. Ya lanƙwashe ƙafafunsa baya, aka ɗaure su tam, ya zura gwiwoyinsa cikin kwasfar fata ya yi tafiya a kansu. Ɗaurin yana tare jini, 'yan mintoci kawai yake iya jurewa. A The Phantom of the Opera na 1925 ya ɗage hancinsa sama har ramukan suka buɗe kamar na ƙwarangwal, ya baƙanta zagayen idanu, kuma hancin har jini ya riƙa yi. In za a ɗaure maka gaɓa, a kwance bayan kowace ɗauka, kuma da ka ji ƙafa ta fara mutuwa ka yi magana, kada kunyar darakta ta hana ka. Gam ɗin manna takalmi ko roba kada ya taɓa fuskarka. Kowane sabon abin shafawa ka gwada shi a cikin hannu kwana guda tukuna, wajen cirewa kuma ka jiƙa da mai, kada ka fizge.

Abin da ya fi kwalliyar ma shi ne yadda yake sa ka tausaya wa mutumin da ke cikinta. Mai doron da ya fito a matsayinsa a fim ɗin The Hunchback of Notre Dame na 1923 mummuna ne, amma kallonsa kake kana jin zafin wulaƙancin da ake masa. In an ba ka gurgu, ka je ka zauna da mai lalurar cikin mutunci, ka ga inda yake aza nauyinsa, yadda yake tashi daga tabarma, yadda yake hawa babur. Kada ka mayar da shi abin dariya, jarrabawa ce Allah ya ɗora masa, kuma 'yan'uwansa suna cikin masu kallo.

Murya ma ku yi mata aiki. Fim ɗaya tak mai magana Chaney ya yi, a 1930, ya kuma yi muryoyi biyar a ciki, har da ta tsohuwa da ta aku. Makonni kaɗan bayan fitowar fim ɗin cutar daji ta yi ajalinsa, ranar 26 ga Agusta, yana da shekara 47.