Haddar lambobi daban, sanin ƙidaya daban

Kwanakin baya na ziyarci ƙanwata, sai ta kira ɗanta mai shekara uku ta ce masa, "Zo ka ƙirga wa Kawu." Yaron ya tsaya ƙyam ya rero lambobi da Turanci tun daga ɗaya har hamsin babu gargada, muka yi ta sa masa albarka. Da aka kawo abinci na ce ya ɗauko mini cokula huɗu daga cikin kwando, sai ya cika hannunsa ya kawo guda bakwai. Ban ga laifinsa ba, kuma ban ga na mahaifiyarsa ba, domin mu duka mun taso ne da tunanin cewa yaron da ya iya rera lambobi ya iya lissafi, alhali kuwa waƙa ya haddace, bai riga ya san abin da "huɗu" take nufi ba.

Allah Ya halicci yaro da fahimtar yawa da ƙaranci tun kafin bakinsa ya buɗe. A shekarar 1992 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Karen Wynn, ta gwada jarirai 'yan wata biyar: a ajiye 'yar tsana ɗaya a gabansu, a kare ta, a ƙara wata suna gani, sannan a janye kariyar. Idan suka tarar da ɗaya maimakon biyu, sai su fi daɗewa suna kallo, tamkar masu cewa an yi musu ƙwange. Binciken da ta yi kan yaran da suka ɗan tasa kuwa ya nuna cewa yaro yakan iya jero lambobi da baki tun yana shekara biyu, amma sai wajen shekara uku da rabi yake gane cewa lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce adadin abin da ke gabansa. Wannan tazarar ba ta cikewa da hadda, sai da taɓawa da ɗauka da rabawa, kuma a gida aka fi yin waɗannan.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke yar da harshenmu a daidai inda ya fi amfani. Bahaushe idan ya ce goma sha ɗaya, ya riga ya faɗa wa yaro cewa goma ce aka ɗora mata ɗaya, abin da kalmar Turanci ta wannan lamba ba ta nunawa ko kaɗan. Idan tsohuwa ta ce ashirin ba ɗaya, tana nufin sha tara, ɗebewa ta koyar ba tare da allo ba. Kakanninmu ma gomiya uku suke ce wa talatin, wato goma sau uku. Sannan ga ɗai-ɗai, bibbiyu, uku-uku, waɗanda uwa ke faɗa kullum wajen rabon ƙosai, su ne kuwa tushen ninkawa da rabawa da za a sha wahalar koya wa yaron a aji uku. Ba na adawa da Turanci, zai same shi a makaranta, amma ma'ana tana fara zama ne a harshen da yaro ke kuka da dariya da shi.

Kada wata uwa ta ce ita ba ta yi boko ba. Matar da ta san gwangwani nawa ne ke cika mudu, ta san kuma shinkafar da za ta ishi mutum takwas ba tare da ta yi saura ba, malamar lissafi ce. Abin da ya rage kawai ta riƙa faɗin abin da take yi yaron yana ji. Wajen wanka a ce masa bokiti ya cika, ya koma rabi, ya ƙare. A sa shi ya jera takalman gida ƙafa bibbiyu, ya ware manyan kofuna daga ƙanana, ya shafa bakin faifai ya ji zagayensa, ya taɓa kusurwa huɗu na tabarma. Uba ma yana da rabonsa, ko da ƙirga taki ne daga zaure zuwa masallaci, ko zama da yaron a gefensa lokacin da ake dara. Sai dai a yi hattara da wake da ƙwallon dabino da tsakuwa a hannun wanda bai kai shekara uku ba, don komai baki yake kaiwa. Lemo da cokula sun wadatar.

Waya kuwa ba ta maye gurbin wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

Kafin in tafi na roƙi ƙanwata ta ajiye hamsin tukuna, su tsaya a biyar. Ta kama yatsansa ya taɓa kowane cokali sau ɗaya yana faɗin lambarsa, idan ya gama ta tambaye shi, "To, nawa ke nan?" In ya koma ƙirgawa daga farko kada ta tsawata masa, ta ce masa, "Huɗu ne, ga su nan," washegari su sake da lemo.