Ruwan zafi mara ƙarewa, in ji su

Dala 1,300 na kashe a kan sabuwar hitar ruwa ta motar yawonmu, na raba kaina da ruwan zafi. Da hannuna na miƙa katin, da ƙafata na je, har godiya na yi wa mutumin da ya cuce ni. Duk lokacin da na tuna wannan godiyar sai in ji wuyana ya ɗauki zafin da hitar tasa ta kasa bayarwa.

Ga wanda bai san irin motar ba, a nan Amurka RV suke ce mata, gida ne a kan taya: gado, ɗan kicin, banɗaki, firji, komai a matse kamar kayan ɗakin amarya a shago ɗaya. Tawa irin wadda ake ja da a-kori-kura ce, ta hannu na saya a Dalas don mu riƙa fita da iyali lokacin hutun makaranta. Tankin ruwanta galan 40 yake ci, wajen lita 150, wato jarka shida ta 'yan garuwa. Ku riƙe wannan lissafin, domin duk rigimar a kansa take. Jarka shida, mu biyar, da ita za a sha, a dafa, a yi wanka, a yi alwala, a kora banɗaki.

Hitar da ta zo da motar tsohuwar yayi ce mai tulu, galan 6, kimanin lita 23. Tana aiki da gas, tana aiki da lantarki. Ka kunna ta, ka ba ta rabin awa, ruwa ya yi zafi ya zauna yana jiranka. Laifinta ɗaya, idan mutum biyu suka yi wanka a jere, na uku sai ya ɗan dakata. Shi ke nan laifin. Ranar da ta fara ɗigo ta wajen murfin magudanarta na kai ta wani shagon gyara a gefen gari, gyaran da bai fi na 'yan daloli ba. Mai shagon ya leƙa, ya girgiza kai kamar likitan da ya ga abin da ba ya faɗuwa, ya ce wa ke amfani da tulu a wannan zamanin? Ya ja ni ya nuna mini mara tanki, wato hitar da ba ta da tulu. Ya ce wannan ruwan zafinta ba ya ƙarewa, ba jira, ba nauyi, ga tsimin gas, kuma da kanta take kare kanta daga sanyi. Bai tambaye ni inda nake zuwa da motar ba. Bai tambaye ni mu nawa ne ba. Ni ma kunnena ya toshe tun daga "ba ya ƙarewa", don na gaji da ƙorafin yara a ƙofar banɗaki.

Yadda abar take aiki sai daga baya na fahimta, bayan na ci littafinta kamar mai shirin jarrabawa. Ba ta ajiye ko ɗigo na ruwan zafi. Idan ka buɗe famfo, ruwa ya bi ta cikinta ya juya wani ɗan ma'auni, ma'aunin ya sanar da ƙwaƙwalwarta, ita kuma ta tada fanka, ta buɗe gas, ta ƙyasta wuta, wutar ta gasa siririn bututun tagulla da ruwan ke wucewa ta ciki. Wutar tana da ƙarfi, wannan ba na musu, ta ninka ta tsohuwar wajen sau biyar. Amma tana da sharaɗi: sai gudun ruwan ya kai wani mizani, lita biyu zuwa uku a minti, kuma ya tsaya a haka ba tare da rawa ba. Ya yi ƙasa da haka, ta ɗauke wuta. A gidan bulo mai ruwan gwamnati da ke zuwa da ƙarfi dare da rana, wannan ba matsala ba ce. A motar da ɗan injin batir mai bolt 12 ke tura ruwa yana tari, fut-fut-fut, masifa ce.

Tafiyar farko da muka yi da ita Kolorado ce, a watan Agusta na 2023, kusa da garin Leadville, wanda ke sama da ƙafa 10,000 daga doron teku. A can ko a tsakiyar bazararsu asuba tana cizo. Na tashi sallah, na lallaɓa kada in tada yara, na murɗa famfo siriri yadda kowane Musulmi yake yi in zai yi alwala. Na tara hannu. Ruwa kamar an fasa ƙanƙara an zuba mini. Na jira, shiru, ko ƙyas ban ji ba. Na ƙara buɗewa, sai na ji fanka ta taso, gas ya kama da wani "fuu", na ƙirga har ashirin kafin ɗumi ya iso yatsuna. Na rufe don in kurkure baki, na sake buɗewa don in wanke fuska, ta mutu, an koma farko. Alwalar da buta ɗaya ke isarta, ranar na kusa zubar da rabin jarka a kanta. Addinin da ya hana mu ɓarnar ruwa ko a bakin kogi, ga ni a kan dutse na saki famfo yana zuba don in lallashi inji.

Wanka kuwa ba a magana. Duk mai irin wannan mota ya san ƙa'idar: ka jiƙa jiki, ka rufe, ka sa sabulu, ka buɗe ka ɗauraye. Da tsohuwar hita haka muke yi lafiya lau. Da wannan, kana sake buɗewa sai ragowar ruwan da ya tsaya a cikin tagulla ya zo da zafin da zai saɓule fata, ka ja baya, sai na sanyi ƙarara ya biyo shi na daƙiƙa goma ko fiye, sannan a dawo ɗumi. Idan ka ce bari ka sirka da na sanyi, gudun na zafin ya ragu, wuta ta ɗauke. Autarmu, 'yar shekara shida, ta ƙwalla ƙarar da na ɗauka maciji ta gani. Uwarta ta fito da ita a naɗe cikin tawul, haƙora na kaɗawa, ta dube ni ta ce, "Maigida, wannan ce hitar da ka ce mun huta?" Ban ce komai ba. Me zan ce?

Ga kuma tsawon wurin. Duk na'urar da ke ƙona gas ƙarfinta yana raguwa da kusan kashi 4 cikin ɗari a kowace ƙafa 1,000 da ka hau, saboda iska ta yi shara-shara. Wannan ba sirri ba ne, duk mai aikin gas ya sani. Ga ruwan tankin ya kwana cikin sanyi. Hita mai tulu ba ruwanta, za ta ɗan ƙara lokaci ne kawai ta kai shi inda ake so. Mara tanki kuwa daƙiƙun da ruwa ke wucewa ta cikinta su ne duk damarta. Mutumin da ke sayar da kayan motocin yawo, a Texas, jihar da masu irin motocin da yawa ke guduwa zuwa Kolorado in zafi ya matsa, ya ce mini bai yi tunanin wannan ba?

Da muka dawo na koma shagon, a nan ne raina ya gama ɓaci. Ba su ce hitar ta lalace ba, kuma da gaskiyarsu, ba ta lalace ba, haka aka ƙera ta. Cewa suka yi ni ne ban iya amfani da ita ba. Wai in daina taɓa famfon sanyi, in saita zafin a ɗan allon da ke jikin bango, in buɗe na zafi har ƙarshe, kuma kada in rufe sai na gama. Na ce to ruwan fa? Yaron shagon ya ɗaga kafaɗa ya ce ai yawancin mutane a sansanin da ake haɗa tiyo suke sauka. Daga nan aka fara jero mini kayan da zan ƙara saya: kan shawa mai sakin ruwa da yawa, ɗan tulun iska da ke hana injin ruwa tari, sabon inji mai tafiya sumul, na'urar daidaita ƙarfin ruwa mai ma'auni. Kowanne da kuɗinsa, kowanne da kuɗin ɗaurawa, awa ɗaya ta aikinsu kuwa ta haura dala 100. Na sayi biyu daga ciki, don wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Abin ya ɗan yi sauƙi. Sharaɗin dai yana nan, sai ka zubar da ruwa take ba ka zafi.

A hutun ƙarshen shekara muka tafi Quartzsite a Arizona, hamadar da masu irin waɗannan motoci ke yi wa tsinke duk hunturu, inda hukumar filayen tarayya ta BLM ke barin mutum ya sauka kyauta har kwana 14. Babu famfo, babu lantarki, abin da ka zo da shi shi ne naka. A da jarka shidan nan tana kai mu kwana biyar in an yi tattali. Wannan karon ranar ta uku da hantsi injin ya fara jan iska. Na gwada da idona, na tara gorar lita ɗaya da rabi a bakin famfon kicin, ta cika ta tumbatsa kafin ɗumi ya zo, kuma haka ne a duk buɗewa. Ruwan da ya zuba ɗin ba ƙasa yake tafiya ba, tankin ruwan datti yake cikawa, in ya cika kuma sai ka naɗe rumfa, ka tattara kujeru, ka ɗaura mota, ka ja ta zuwa inda ake juyewa ka biya, ka sake biya ka sayi ruwa. Ruwan yankin kuma mai gishirin dutse ne, yana toshe siraran bututu da farin ɓawo, sai an riƙa wanke cikinta da ruwan khal. Aikin da ban taɓa nema ba ya zama nawa.

Tsimin gas ɗin da aka yi mini romon baka da shi, shi ma akwai lauje cikin naɗi. Gaskiya ne ba ta ƙona gas don ta riƙe ruwa da zafi dare da rana. Abin da aka ɓoye shi ne ba ta da ɓangaren ɗumama ruwa da lantarki kwata-kwata. A da, in muka sauka a sansanin da kuɗin wuta ke cikin kuɗin kwana, maɓalli nake dannawa, ruwan zafi ya zama kyauta, tukunyar gas ta huta. Yanzu ina biyan kuɗin wutar, ina kuma ƙona gas ɗina a kan kowane cokali da aka wanke. Kuma duk da gas take ci, in batir ya yi sanyi ba ta tashi, don fankarta da ƙwaƙwalwarta da shi suke aiki.

Sai tsakiyar Janairu na 2024, da sanyin nan ya sauko Texas. Mu da muka ga ɓarnar da sanyi ya yi a Fabrairun 2021 ba ma wasa da shi, na je filin da nake ajiye motar na buɗe duk magudanai na tsiyaye ruwa kamar yadda na saba. Nan zan ɗauki nawa laifin, ban hura bututun da iska ba, ban ɗura jan ruwan nan mai hana daskarewa ba. Dalili kuwa an ce mini da kanta take kare kanta. Ashe kariyar sai da gas a buɗe da batir mai rai, motar da ke ajiye kuwa wa yake barin gas ɗinta a buɗe? Tsohuwar in ka zare murfi ɗaya ta zubar da cikinta, ɗan abin da ya rage yana da filin da zai kumbura. Wannan kuwa ruwa ya maƙale a lanƙwasar tagulla, ya daskare, ya tsaga ta. Da gari ya yi ɗumi na haɗa tiyo, sai ga ruwa yana tsartuwa ta ƙofar hitar, yana bin ƙarƙashin kabad, katakon daɓe ya sha ya kumbura.

Garanti? Matar da ta ɗauki waya ta karanta mini layin da ya ce ɓarnar ƙanƙara ba ta ciki, da muryar nan tasu mai laushi da ke ƙara wa mutum hawan jini. Na ce a mayar mini da tsohuwata. An ce an daɗe da jefa ta a bola. Ko da tana nan ma, sun cire wayar lantarkinta, sun canza ƙofar, sun sake hanyar bututu, komawa baya wani sabon lissafi ne.

Yanzu haka na toshe bututunta biyu na bar ta a wurin. In mun fita, uwargida ta ɗora babbar tukunya a kan risho, a sirka a bokiti, kowa ya shiga da moɗarsa, yadda na taso ina yi a Tudun Wadan Zariya. Bokiti ɗaya yana isar mutum, ba a taɓa ƙona kowa ba, jarka shidan ta koma kai mu kwana shida. Yaran da aka haifa a Texas sun iya wankan moɗa, kakarsu ta ji labari a waya ta yi ta dariya har da tari.

Makon jiya saƙon talla ya shigo mini daga shagon nan. Wai sun kawo sabon samfuri da ya magance matsalar zafi da sanyi, kuɗinsa ya kusa ninka na wadda suka sayar mini. Na buɗe don in ga wace dabara aka yi. Ɗan ƙaramin tanki suka sa mata a ciki.