Sati uku muna jiran ranar gashi, aka kore mu da tsaki

Jiya Talata tun ƙarfe shida da rabi na safe na ɗauko Baba a adaidaita sahu muka nufi sashen gashin ƙashi na asibiti. Duk ramin da muka faɗa sai in ga ya runtse ido ya dafe ƙeya. Ranar da aka rubuta mana a kati ce, sati uku muna jiranta.

Baba tela ne, shekara 40 yana kan keke. Shekara uku ke nan da yatsunsa suka fara mutuwa. Zura zare a allura ya gagara, sai maɓallin riga, sai kofin shayi ya fara suɓuce masa. Da kuɗin kekensa ɗaya muka yi hoton MRI, wato hoton da ke nuna cikin jiki. Likita ya nuna mana cewa a cikin ƙasusuwa 7 na wuya, tsakanin na 5 da na 6, hanyar da laka ke bi ta tsuke, ƙashi ya yi tsiro yana danne ta. Bai ɓoye mana ba, gashi ba ya buɗe hanyar. Aikinsa ƙarfafa naman wuya da kafaɗa, a koya wa mutum riƙe kai daidai, a gyara masa tafiya kada ya faɗi, kuma sai an jera ana zuwa. Ya ce idan ƙafafu suka ƙara nauyi ko fitsari ya fara kufce masa, maganar tiyata ce, kada mu jira.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya layi ya zo kanmu. Matar da ke kan tebur ko ɗagowa ba ta yi ba, waya take dannawa.

"Malama, ina kwana? Ga katin Baba."

"An rufe karɓa."

"Ai yau aka rubuta mana, duba ki gani. Tun bakwai muke nan."

"To ni na rubuta?"

Baba ya taso da sandarsa yana jan ƙafa, ya ce, "'Yata, ki taimaka, hannun nan ya hana ni barci." Ta turo masa takarda, wai ya sa hannu a canza rana. Biro ya faɗi daga yatsunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, mutumin da sunkuyawa ke sa masa jin kamar lantarki ya ja shi tun daga wuya har gadon baya. Sai ta ja tsaki ta ce, "Tsoho, in ba za ka iya ba ka matsa, akwai mutane a baya. Mai sauri ya je asibitin kuɗi."

Tsoho! Ya ce mata 'yata, ta ce masa tsoho. A sashen da aka gina domin waɗanda hannunsu ba ya riƙe biro, a nan ake wa mutum tsaki don biro ya faɗi. Wallahi da ba don Baba ya riƙo rigata ba, da abin bai tsaya nan ba.

Amma ita ma wani ne ya ɗaure mata gindi. Ma'aikatan gashin ƙashi biyu kawai na gani, mutane sun cika baranda har ƙasa. Ina sauran? Sun tafi Saudiyya da Ingila, kuma ban ga laifinsu ba. Tun 2001 shugabannin Afirka suka zauna a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, har yau gwamnatin tarayya ba ta cika ba. A 2022 aka yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya, ku nuna mini tela ɗaya a layinmu da ta kai gare shi. A 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin zuwa asibiti kaɗai ya zama wani ciwon. Su kuwa manya, wuya na ƙagewa sai jirgi zuwa Masar ko Indiya.

Ga mutanen unguwa kullum da shawara: a kai shi wajen mai ɗori ya murɗe wuyan. Wuyan da laka ke matse a ciki, wanda murɗa ɗaya za ta iya kwantar da mutum har abada! Amma me zan ce musu, tunda mai ɗori ba ya cewa an rufe karɓa?

An sake ba mu sati uku. A hanyar gida Baba bai ce uffan ba, sai da muka zo ƙofa ya ce in ɓalle masa maɓallin wuya, zai yi alwala.