Ku daina janye maƙala bayan an gama wahalar tantance ta

Duk mai riƙe da mujallar tsangaya ko ta sashe a manyan makarantunmu, daga Birnin Kebbi da Aliero da Zuru har Gusau da Ƙauran Namoda, ya san wannan saƙon imel mai layi biyu: “Muna so mu janye maƙalarmu. Mun gode.” Ba dalili, ba neman afuwa. Kuma ba a makon farko yake zuwa ba, lokacin da ba a taɓa komai ba. Sai masu tantancewa sun gama aiki, rahotonsu ya isa hannun marubuci, sannan zai tuna cewa ya fasa. Haba malamai!

Wataƙila masu yin haka ba su san abin da ke faruwa da takarda bayan sun tura ta ba. Edita zai fara karantawa ya ga ko ta dace da fagen mujallar, ya saka ta a manhajar Turnitin don gudun satar fasaha, ya goge sunan marubuci da na makarantarsa, har wanda ke ɓoye a bayanan fayil, ya ba ta lamba. Sannan aikin gaske ya fara: neman mutum biyu masu tantancewa. A ce maƙalar a kan dalma ce a ƙasar Bagega, inda gubar da ta ɓulla a Zamfara a 2010 ta hallaka ɗaruruwan yara. Dole a samu masanin kimiyyar sinadarai da ya san yadda ake ɗibar samfurin ƙasa da yadda ake auna shi, wanda ba sashensu ɗaya da marubucin ba, bai duba masa kundin digiri ba, ba su taɓa rubutu tare ba, kuma ba su da tsama. Mutum nawa ne irin wannan a jihohin Kebbi da Zamfara, ko da an haɗa da Sakkwato? Edita zai yi ta waya yana roƙo: “Farfesa, don Allah a taimaka.” Wannan ya ce yana makin jarrabawa, wancan ya yi shiru, da ƙyar biyu su amsa.

Mai tantancewar nan ba albashi yake ci a kan aikin ba. Wasu mujallu kan ba shi ɗan abin da bai wuce kuɗin data ba, wasu ko sisi. Da dare zai zauna, in babu wuta ya tada janareto da man aljihunsa, ya bi jadawali ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa jimillar ba ta kai ɗari bisa ɗari ba, samfuri ya yi kaɗan, gwajin ƙididdigar da aka yi bai dace da bayanan ba, rabin manazarta ba sa cikin rubutun. Ya rubuta shafi biyu ko uku na gyara. Sai marubuci ya karɓe, ya janye, ya gyara takardarsa tsaf da guminsu, ya kai ta wata mujalla da yake ganin ta fi suna, ko mai shiga Scopus, wato rumbun intanet da ke jera mujallun da aka tantance a duniya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gobe edita ya koma wa Farfesan nan da wata maƙalar, da wane ido zai dube shi? Ɗalibin digiri na uku da ya turo tasa tsakani da Allah shi zai yi ta jira, domin an ƙona masu dubawa a kan aikin banza.

Mu faɗi gaskiya, galibin janyewar nan asalinta ɗaya: an tura maƙala ɗaya mujallu biyu ko uku a lokaci guda, wadda ta riga amsawa ita ce gwana. Ƙarin girma ne ke kora mutane. A yawancin jami’o’inmu sai an shekara uku a mataki kafin a nemi na gaba, sai mutum ya kwanta shekara biyu da rabi, ranar rufe karɓar takardu ta matso, ya shiga watsa maƙala ko’ina yana farautar takardar amincewa. Alhali kusan kowace mujalla tana sa marubuci ya tabbatar cewa aikin ba ya gaban wata. Ya danna akwatin nan a shafin OJS, manhajar da ake tura wa mujalla maƙala ta cikinta, ko ya sa hannu a wasiƙa, yana sane ƙarya yake. Kwamitin ɗa’ar wallafa na COPE, wanda aka kafa a Birtaniya a 1997, ya ɗauki wannan a matsayin saɓa ƙa’ida, ba wayo ba.

Akwai mai gudu idan an ce ya kawo ainihin bayanan da ya tattara, ko takardar izinin kwamitin ɗa’a ta binciken da ya shafi marasa lafiya. Wannan ya fi muni, kuma janyewa ba ta wanke shi: edita na da hurumin ci gaba da tambaya, har ya rubuta wa makarantarsa. Akwai mai jira sai an karɓi maƙala ya ce bai san da kuɗin bugawa ba, alhali suna rubuce a shafin mujallar. Sai kuma gwanin shiru, wanda ba zai ma ce ya janye ba, ya daina ɗaga waya kawai. Idan aka yi rashin sa’a ya riga ya biya, mujalla ta tsara shafuka, ta yi wa maƙalar rajistar lambar DOI, wato lambar shaidarta ta dindindin a intanet, ta buga, sai a wayi gari aiki ɗaya ya fito wuri biyu. Daga nan sai sanarwar soke wallafa, wadda ke zama a intanet da sunan kowa da ke kan takardar, har da abokin rubutun da bai san hawa ba bai san sauka ba. Masu tantance takardun neman Farfesa daga waje kuwa suna ganin irin wannan.

Mujallun ma ba tsarkaka ba ne. Wadda za ta karɓi kuɗin tantancewa ta yi wata shida ko takwas ba ko saƙon “mun samu”, ba ta da bakin kuka. Balle mujallun bogi masu karɓar maƙala cikin kwana uku, in ka ce ka fasa su ɗora maka kuɗin janyewa. Marubuci na da haƙƙin janye aikinsa, musamman idan shi da kansa ya gano kuskure a lissafinsa. Wannan ma abin yabo ne.

Amma abin da tsari. A rubuta wa edita da lambar maƙala da takenta a tambayi inda aka kwana. In shiru, a sake rubutawa a ba shi wa’adi, mako biyu ko uku. Wa’adi ya cika, a aika wasiƙar janyewa ƙarara da dalili, da amincewar duk waɗanda sunansu ke kai, a sa su a kwafin imel ɗin. Ba ɗalibi ya janye mai duba shi bai sani ba, ko Malam ya janye ɗalibi ya ji a bakin edita. A jira amsa a rubuce, a adana ta. Idan mujalla ta ƙi amsawa, a ajiye saƙonnin duka, a nuna wa editan sabuwar mujalla tun ranar turawa. Saƙon WhatsApp zuwa ga sakataren mujalla ba janyewa ba ne.

Ku kuma editoci, kunyar ta isa haka. Ku rubuta a shafinku ranar da marubuci zai ji hukunci na farko, ku cika ta. Ku bayyana kuɗi tun farko. Ku buɗe rajistar waɗanda suka janye bayan rahoto ba tare da dalili ba, ku sanar cewa ba za a karɓi aikinsu ba na wani lokaci, ko da mutumin shugaban sashenku ne. Wanda aka kama da tura maƙala wuri biyu, a rubuta wa editan ɗaya mujallar a ranar, da kwanan watan da kowace ta karɓa.