Ɗan sifirin da ya rage a kan tabarma

Akwai wani gwani a garin nan na Sakkwato wanda ya daɗe yana faɗa a majalisa cewa mu da muka tsufa a aikin kula da makamai zamani ya wuce mu, domin shi a waya ya koyi nasa ilimin. To, makon jiya an ba shi ƙaramar bindiga ƙirar Glock domin ya sauya mata kunama da wadda ta fi laushin ja, ya kwance ta, ya mayar, ya miƙa wa mai ita yana murmushi, sai bayan tafiyarsa ya tarar da ɗan sifirin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba yana kwance a kan tabarma. Tun daga ranar hoton sifirin yake yawo daga wannan waya zuwa waccan, ana tambaya a asirce ko wani ya san mazauninsa, har ya iso gare ni ta hannun mutum na uku, wai kada a ce daga wajensa ya fito.

Tun da tambayar ta zo, zan amsa, ba domin shi ba, domin wanda ke rataye da bindigar a ƙugu. Wannan ƙira ta ƙasar Ostiriya, wadda ta fito a farkon shekarun 1980, sassanta talatin da 'yan kai ne kawai, kuma maƙeranta ba su saka ko ɗaya domin ado ba. Tana da matakan kariya uku, ɗaya daga cikinsu wani ɗan turken ƙarfe ne da ke tare allurar da ke dukan harsashi, ba ya kaucewa sai an ja kunama, kuma irin wannan sifirin ne yake danne shi a mazauninsa. Sababbin kayan kunama sukan zo da nasu turken da nasu sifirin, saboda haka abin da ya rage yana iya zama tsohon da aka cire, wanda babu laifi a ragowarsa, yana kuma iya zama wanda aka manta ba a mayar ba, wato an cire wa bindigar ɗaya daga cikin kariyarta. Wanda ya jera sassan a kan farin ƙyalle, tsoho gefe guda sabo gefe guda, ya ƙirga kafin ya fara, ba zai rasa sanin wanne ne ba.

Na ji an ce gwanin ya fara cewa ai Turawa sukan ƙara guda domin ajiya. Ko yaran da ke zuga zugazugi a Maƙera Assada sun san cewa ba a sallamar mai kaya alhali guntun aikinsa yana ƙasa, kuma su ba su taɓa kiran kansu injiniyoyi ba. Ban ma taɓo batun dokar makamai ta 1959 ba, wadda ta sanya irin wannan bindiga cikin waɗanda ba a riƙewa sai da izini na musamman, balle a ce wa ya ba shi damar buɗe ta.

Shawarata ga gwanin ita ce ya kira mai bindigar yau, ya ce masa ya cire harsasai ya kai ta wajen ma'aikacin rumbun makamai mai lasisi a duba ta. Sifirin kuma ya saka shi a ambulan ya aika tare da ita.