Tambayar da na kashe a bakin 'yata

Jiya bayan Isha'i a gidanmu da ke Pantami, an ɗauke wuta, 'yata tana aikin gida da hasken tocila. Lissafin lambobin da ba sa rabuwa aka ba su, irin su 2, 3, 5, 7, 11, waɗanda babu mai raba su daidai sai ɗaya da su kansu. Ta ɗago kai ta ce, "Baba, 91 tana cikinsu?" Ni kuwa idona na kan waya. Na ce ta ƙyale ni, wannan ne zai ba ta tuwo? Ta rufe littafin a hankali. Wallahi rufewar nan ta hana ni barci.

Da safe na ga ta rubuta 7 sau 13 a gefen takarda. Ita kaɗai ta gano.

Na ba ƙanena labari, shi malamin lissafi ne. Bai yi mini faɗa ba, cewa ya yi, "Yaya, ka san lambobin nan ba su da ƙarshe? Tun fiye da shekara 2,000 wani Bagirke mai suna Yuklid ya tabbatar da haka." Ya ce a watan Oktoba na 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano wadda ta fi duk waɗanda aka sani kafin nan girma: a jera 2 har sau 136,279,841 a ninka su, a cire ɗaya. Alƙalumanta 41,024,320. In kana rubuta alƙalami ɗaya duk daƙiƙa, ba ci ba barci, sai ka haura kwana 470. Duk girman nan, babu lambar da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta. Subhanallah! Wanda ya ƙididdige komai ya san ta tun kafin a ƙera kwamfuta, ya kuma san na gaba da ita.

Har kulle sirrin da ke tsare kuɗinmu a intanet, da manyan lambobi irin waɗannan ake gina wani sashensa. Ga tuwon da nake tambaya, a hannuna yake.

'Yan'uwa, mu ji tsoron Allah game da yaran nan. Yaro ya zo da tambaya, mu ce surutu. Yarinya ta ce tana son lissafi, mu ce ina ruwan mace. Sannan in an yi rasuwa, mu bi gari muna neman mai raba gado, mu rasa mai fitar mana da zakka daidai. Wa muka bari ya koya? Amana ce fa, za a tambaye mu.

Na nemi 'yata ta yafe mini, yau da daddare za mu duba 97 tare. Don Allah, kai ma in naka ya matso da littafi, kife wayar nan ka saurare shi. Don Allah.