Daga Bagadaza Zuwa Xiangyang: Makami Maƙerinsa Yake Bi

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo, har a bakin masu ilimi, wai Sinawa ne suka fara haɗa albarushi amma ba su san abin da za su yi da shi ba sai wasan wuta ranar biki, har Turawa suka zo suka mayar da shi bindiga. Maganar ba ta da tushe. A shekarar 1044 daular Song ta ƙasar Sin ta kammala wani kundin dabarun yaƙi mai suna Wujing Zongyao, kuma a cikinsa an rubuta yadda ake gauraya gawayi da farar wuta da wani farin gishiri, wanda Larabawa suka riƙa kira "ƙanƙarar Sin", don yin kayan faɗa. A 1132 mai tsaron garin De'an, Chen Gui, ya sa aka ɗura albarushi a gora tana fesa wuta kan masu kawo hari. A 1232, da Mongolawa suka yi wa Kaifeng ƙawanya, mutanen garin sun riƙa zuro musu tukwanen ƙarfe masu fashewa daga kan ganuwa, ɗaure da sarƙa. Akwai ma bindigar tagulla da aka samu a yankin Mongoliya ta Gida, an zana shekarar ƙirarta a jikinta, ta yi daidai da 1298.

To in haka ne, me ya sa maƙwabta da ba su kai Sinawa yawa ko dukiya ba suka riƙa cin su da yaƙi, har sau biyu suka mallake ƙasar baki ɗaya? Ni dai abin da na fahimta shi ne makami bai san ƙasar da aka haife shi ba. Hannun da ya iya ƙera shi yake bi, kuma hannun nan yana tafiya inda aka riƙe shi da daraja, ko inda aka ja shi da ƙarfi.

Matsalar Sin ta farko doki ce. Makiyayan arewa a kan doki suke tashi, suna harbi da baka suna sukuwa. Tun shekara ta 307 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Wuling na ƙasar Zhao ya gane haka, ya umarci mayaƙansa su ajiye manyan riguna su sa wando irin na makiyaya, su koyi harbi a bayan doki. Fadawa sun ga abin a matsayin zubar da girma, amma bai saurare su ba. Daular Song kuwa ta zo ta tarar filayen kiwon dawaki na arewa suna hannun wasu, sai ta dogara da ganuwa da koguna da jiragen ruwa da baka mai kunama. Duk wanda ya taɓa tsayawa gindin badalar Kano ya san doki ba ya hawa ganuwa. Wannan ne ya sa Mongolawa, waɗanda suka ratsa rabin duniya cikin ɗan lokaci, suka shafe shekara fiye da arba'in kafin su gama da Song.

Yadda suka gama da ita shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Mongolawa suna da wata ɗabi'a idan suka ci gari: su ware maƙera da magina da masassaƙa gefe guda, sauran jama'a kuma sau da yawa takobi ya ci su. Babu abin yabo a nan, ta'asa ce, kuma masu sana'ar nan an raba su da gidajensu ne da ƙarfin tsiya. Amma da haka suka tara gwanintar ƙasashe da yawa ƙarƙashin tuta ɗaya. Lokacin da Hulagu, ɗaya daga cikin jagororin Mongolawa, ya nufi yamma, yaƙin da ya ƙare da faɗuwar Bagadaza a 1258, yana tafe da kimanin gida dubu na gwanayen harba manjaniƙi, wato na'urar wurga duwatsu, daga arewacin Sin.

Bayan shekara goma abin ya juyo. A 1268 rundunar Kublai Khan, babban sarkin Mongolawa, ta kewaye Xiangyang da tagwayenta Fancheng, garuruwa biyu da ke fuskantar juna a gaɓar kogin Han, su ne mabuɗin shiga kogin Yangtze. Shekara ta bi shekara, garuruwan ba su faɗi ba. Manjaniƙin Sinawa na lokacin mutane ne ke jan sa da igiyoyi, babbansa yakan ci mutum 250, kuma dutsen da yake jefawa bai isa ya yi wa irin wannan ganuwa illa daga nesa ba. Sai Kublai ya aika wa ɗan ƙanensa Abaka, mai mulkin Farisa da Iraƙi, a turo masa gwanaye. Aka turo Musulmi biyu, Isma'il da Ala'uddin. Nasu manjaniƙin ba ya buƙatar masu ja. Nauyi ake rataya masa a gefe ɗaya, idan aka sake shi ya wurga ƙaton dutse ya sauka inda aka auna. A farkon 1273 Fancheng ta faɗi, aka karkashe mutanenta. Aka juya na'urar kan Xiangyang, kwamandan garin Lu Wenhuan ya miƙa wuya. Sinawa suka raɗa wa makamin suna "manjaniƙin Musulmi". Shekara uku bayan nan babban birnin Song ya faɗi, a 1279 kuma aka murƙushe ragowar rundunar a yaƙin ruwa na Yamen.

Ina ganin kuskure ne a ɗora komai kan na'urar. Wanda ya ba Kublai shawarar ya fara da Xiangyang, ya kuma nace sai Mongolawa sun gina rundunar ruwa, wani janar ne na Song mai suna Liu Zheng. Ya tsallaka zuwa wajensu ne a 1261 saboda yana tsoron makircin manyan fada. Mutanen da ba su san kwale-kwale ba suka wayi gari da dubban jiragen ruwa, Sinawa ne suka sassaƙa su, Sinawa ke tuƙa su. Song ba ta rasa fasaha ba ko kaɗan. Mutanenta ta kasa riƙewa.

Kimanin shekara ɗari uku da hamsin bayan haka daular Ming ta maimaita abin kusan kalma da kalma. A 1626 Yuan Chonghuan ya kare garin Ningyuan da igwa irin ta Turawa da aka samo ta hannun 'yan Fotugal, ya kori Nurhaci, jagoran ƙabilar Manchu ta arewa maso gabas, wanda bai saba juyawa baya ba. Nurhaci ya mutu a wannan shekarar. Ɗansa Hong Taiji bai tsaya kuka ba, ya tara maƙeran Sinawa da aka kamo, a 1631 suka zuba masa tasa igwar. Ita kuwa fadar Ming, a 1630 ta kashe Yuan Chonghuan bisa zargin cin amana. A 1633 wani kwamanda, Kong Youde, wanda dakarunsa suka yi bore saboda yunwa da rashin kulawa, ya tsallaka zuwa wajen Manchu da manyan igwa da maharban da 'yan Fotugal suka horar. A 1644 janar Wu Sangui ya buɗe musu mashigar Shanhai, suka wuce Babbar Ganuwa ba tare da sun fasa ta ba.

Wani zai ce ai wannan tarihin wasu ne, can nesa. Haka ne. Amma mu da muke karɓar tankokin yaƙi da jirage marasa matuƙi daga Sin ta yau, alhali masana'antar makamanmu ta Kaduna tun 1964 take, bai kamata mu karanta shi kamar tatsuniya ba. Tambayar da nake yi kullum idan na ga an jera sababbin kaya ana ɗaukar hoto ita ce: wa zai gyara su idan sun tsaya, wa ya iya haɗa harsashinsu, kuma yaya ake kula da shi da iyalinsa?

Ba cewa nake sayen makami laifi ne ba. Sin da Japan duka sun sayi jiragen yaƙi daga Turai a ƙarshen ƙarni na 19. Sin ta sayo manya biyu daga Jamus, Dingyuan da Zhenyuan, kuma Japan ba ta da jirgin da ya kai su kauri. Amma Japan ta daɗe tana horar da ma'aikatan jirginta, rundunarta kuma umarni ɗaya take bi, yayin da ta Sin ta kasu yanki yanki, kowane babba da tasa, ga ƙarancin harsashi mai kyau. Ranar 17 ga Satumba 1894 suka haɗu a bakin kogin Yalu, rundunar arewa ta Sin ta sha kashi, rundunonin kudu ba su shiga faɗan ba. A Fabrairun 1895 aka ritsa ragowar a tashar Weihaiwei. Dingyuan ma'aikatansa suka fasa shi da kansu don kada ya faɗa hannun abokan gaba. Zhenyuan kuwa Japanawa suka ja shi zuwa gida, suka gyara, suka zuba nasu matuƙan, kuma yana cikin jiragen da suka fita da su yaƙar Rasha a Tsushima a 1905.